“To” Ba Amsa Ba Ce

Yagana, uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin sa wani abu a cikinki. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mamanki na gaishe ki. Ta ce in gaya miki yajin da ta ƙulla yana can ƙasan jaka, ki ciro shi kafin ya zube miki cikin kayan sawa.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya da shi. Na rubuta ne don na san halinki. In na zaunar da ke a tsakar gida na fara magana, kai za ki sunkuyar, ki kama bakin mayafi kina murzawa, duk abin da na faɗa ki ce, “To, Baba.” Takarda kuwa ba ta da idon da za ki ji nauyinsa. Ki karanta, ki ɓata rai in kin ga dama, ki ma ce tsohon nan ya cika surutu, ba wanda zai ji ki.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An ce mana a makarantar nan ta Zariya, kafin karatu ya yi nisa, za a tambayi kowannenku filin jirgin da yake so a tura shi in ya gama. Ranar da sunanki ya fito cikin waɗanda gwamnati ta ɗauka aikin ba jirage hanya, irin aikina, na ce miki, “In an tambaye ki, ki ce Maiduguri.” Kika ce, “To, Baba.” Na tafi masallaci ina ta murna kamar an yi mini kyautar doki. A hanyar dawowa ne kalmar nan ta fara ci mini rai, domin na san ta. Ni da “to” mun daɗe tare, kuma ta sha kai ni ta baro.

Abin da za a fara koya muku shi ne wannan: in kin ba matuƙin jirgi umarni, sai ya maimaita miki shi da bakinsa, ke kuma ki saurara ki ji ko abin da kika faɗa ne ya dawo. In bai ji ba, akwai kalmomi biyu na Turanci da ke nufin “sake faɗa,” ya furta su, ba kunya ba tsoro. Malamanku za su nuna muku kamar abu ne mai sauƙi. Da Turanci, mai sauƙi ne. Ranar da kika juya harshe zuwa Hausa ko Kanuri za ki gane cewa tarbiyyar gidanku ta biyo ki har saman hasumiyar da muke ba jirage hanya.

Ina sabon shiga aiki, ke ko labarinki ba a fara ba, akwai wani dattijo, Baba Kyari, mai yanke ciyawar gefen titin jirgi da tarakta. Mutumin Dusuman ne, sa'an mahaifina, in muka haɗu a ƙofa ni ke fara russunawa. Shi ba ya jin Turanci, don haka da Hausa muke magana da shi ta oba-oba, rediyon hannun nan. Wata rana da damina, ciyawa ta yi tsawo, yana can yana yanka daf da inda jirgi ke fara taɓa ƙasa. Jirgin fasinja ya taso daga Kano yana neman sauka. Na kira shi na ce, “Baba, don Allah a ɗan ja baya daga titi, jirgi na zuwa.” Ki lura da yadda na faɗa, kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta. Ya ce, “To.”

Na ji “to” ɗin nan, zuciyata ta ce mini sa shi ya maimaita. Sai wata zuciyar ta ce, haba Bukar, sa'an ubanka za ka ce ya maimaita magana kamar ɗan makarantar boko? Na bar shi. Na juya na ba jirgi izinin sauka. Da na sake ɗaga ido, Yagana, tarakta na nan inda take, har ma ta ɗan hau bakin kwalta. Na yi wa matuƙi magana da muryar da ban san ina da ita ba, ya fasa sauka, ya sake ɗagawa sama. Jirgin ya wuce ta kan Baba Kyari, iskarsa ta tsige masa hula.

Da aka tashi daga aiki na same shi zaune ƙarƙashin darbejiya. Na ce, “Baba, ba ka ji ni ba ne?” Ya ce, “Ɗana, ƙarar inji ta cika mini kunne. Na ji muryarka, ban ji maganar ba.” Na ce, “To me ya hana ka ce in sake?” Ya dube ni ya ce, “Kai ne na sama. Yaya za a yi in ce wa oga me ka ce?” Shi ya ji nauyin kujerata, ni na ji nauyin furfurarsa, mutane cike da jirgi kuma suna tsakanin kunyata da tasa ba su sani ba. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma ba wayona ba ne, Allah ne ya rufa asiri.

Don haka ki ji ni da kyau. Kunyarki abar so ce, ita ta sa kowa a Old Maiduguri ke cewa mamanki Ya Falmata ta iya tarbiyya. Amma in za ki hau matakalar hasumiya, ki tuɓe ta tare da takalmin waje ki ajiye a ƙasa, in kin sauko ki ɗauki abarki. A can sama ba babba ba yaro. Za ki ba mai furfura umarni, za ki ba hafsan soja umarni, wanda in a titi ne ko kallonsa ba za ki iya yi ba. Ki faɗa a sarari, ki sa ya maimaita. In kuma ke ce ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba, ko sau nawa ne. Matambayi ba ya ɓata. Wasu za su ji muryar mace su yi miki ƙasa-ƙasa da amsa don su gwada ki. Kada ki yi fushi, kada kuma ki yi murmushi, ki dai sake tambaya har sai amsar ta fito cikakkiya.

Kin ga da na yi hankali daga ranar nan, da labarin ya ƙare a nan. A kan oba-oba kam na yi hankali, ban sake karɓar “to” daga kowa ba. Amma ban gane cewa akwai ta a ƙasa ma ba, sai da fitinar nan ta shigo gari.

Ke kin tashi a cikinta, ba sai na ba ki labari ba. Kin san dokar hana fita, kin san lokacin da aka yanke waya gari ya zama kamar rijiya, kin san sauka daga keke a shingen sojoji da hannu a sama. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda hasumiya ta riƙa zubewa mutum ɗaya-ɗaya. Wannan ya kawo takardar likita, wancan ya sami wani babba ya yi masa taransifa, wani ya tafi jana'iza garinsu bai dawo ba. Ban ga laifinsu ba. Kowa da uwar da ke kuka a gida.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Emeka. Kin tuna shi, dogon nan mai kawo miki biskit yana tsokanarki da “amaryata.” Ni na raine shi a aiki, tun yana rawar murya in ya danna maɓallin magana har ya zama in yana kan kujera ina iya shan shayina hankali kwance. Yayansa na da shagon kayan mota a gari, wajensa yake zaune da matarsa. Bayan harin da ya kai har bakin filin jirgi, aka rufe mu na wani lokaci, yayan ya kwashe kayansa ya koma garinsu. Da aka sake buɗewa na ga Emeka ya rame, idanunsa sun faɗa. Na kira shi gefe na yi masa wa'azi mai tsawo. Na ce ya yi haƙuri, rai a hannun Allah yake, wanda kwanansa bai ƙare ba ko a bakin bindiga ba ya mutuwa, garin nan na bukatarsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “To, oga.”

A wajenmu ya koyi kalmar, kuma ya koye ta da kyau, har da irin wadda ake faɗa wa babba don ya yi shiru. Ni kuma na ji abin da nake so in ji. Ya karɓi hutunsa na shekara, bai dawo ba. Daga baya na ji ya bar aikin gaba ɗaya, yana sayar da taya tare da yayansa. Sai da aka daɗe muka yi waya, ya ce mini, “Oga, ba mutuwa nake tsoro ba. Matata na da ciki, unguwar ta watse, ita kaɗai nake bari in fito. Da na sami ɗaki kusa da fili ko kusa da mutane, da na zauna.” Yagana, ɗakin zauren gidanmu a rufe yake a lokacin, ba komai ciki sai buhunan gero da tsohon kekena. Mamanki da ta riƙe matar nan kamar 'yarta. Ban tambaye shi ba. Na yi ta zuba masa nasiha, shi kuwa ɗaki yake nema.

In Allah ya ɗaga ki wata rana kika zama babba a wurin aiki, kada ki yi wa na ƙasa da ke wa'azi kafin ki tambaye shi abin da ke damunsa. Ki tambaya, ki rufe bakinki, ki jira. Mutum ba ya barin aikin da ya sha wuyar koyo don ya ƙi shi. Yawanci abu ne ƙarami wanda ba wanda ya kula ya ji.

Gwamnati ma irin kuskurena take yi, sai dai nata ya fi girma. Mai ba jirage hanya ba a shiga Kasuwar Monde a sayo shi. Shekaru ake yi ana gina shi, makaranta, sannan zama a gefen wani babba yana kallon bakinka, sannan jarrabawa, sannan likita ya duba ido da kunne da zuciya. Bayan an gama wannan duka sai a jefo yaro garin da bai san kowa ba, ba masauki, ba wanda zai karɓe shi in ya gaji, ba a sake kai shi ƙarin karatu, sannan in ya gudu a ce yaran yanzu ba su da kishin ƙasa. Ana ta ɗiban ruwa a kwando ana mamakin ƙishirwa. Amma kafin in cika baki da zargin manya, bari in gaya miki inda nake lokacin da aka ba ni dama in faɗa musu haka.

Wata tawaga ta zo daga hedikwata duba yadda muke. Sun zo da safe, suna sauri su koma kafin la'asar, ba wanda ke son kwana a garinmu a lokacin. Babbansu mutum ne mai kirki, ya hau har sama yana haki, ya dubi kujerun da ba kowa a kai, ya ce, “Malam Bukar, akwai matsala?” Ka ji tambaya. Abokan aikina da suka rage suna tsaye a bayana, sun zuba mini ido. Ni kuwa sai bakina ya yi abin da ya saba tun ina yaro, na ce, “Sai alheri, ranka ya daɗe.” Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ku ƙara haƙuri, ku riƙe wurin har mu turo muku mutane.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Suka sauka. Ya tafi da abin da na ba shi, wato Maiduguri lafiya lau, akwai wani jarumi can yana riƙe da ita. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba. Modu, mataimakina, bai yi mini magana ba har muka tashi.

Abin da ya biyo baya jikina ne ya biya shi, da jikin Modu. Hanyoyin mota duk sun mutu sai ta Damaturu, ita ma sai da addu'a, don haka komai ya koma sama. Jiragen soja na tashi da gaggawa, masu saukar ungulu na kai abinci da magani garuruwan da mota ba ta zuwa, na fasinja na shigowa cike suna fita cike. Mu 'yan kaɗan muna juya kujera tsakaninmu. Kin tuna lokacin da nake dawowa in zauna a tabarma da takalmi a ƙafa, kina ce wa mamanki Baba ya yi barci da lomar tuwo a hannu? Kuna dariya, ni ma ina yi. Wata rana da azahar na kira wani jirgi da sunan wani, na ba shi tsayin da na tanadar wa ɗan'uwansa. Matuƙin ya ce in sake faɗa. Tambayar nan tasa ce ta farkar da ni. Da irin tarbiyyata gare shi, da ya ce “to” ya bi.

Gajiya ba abin kunya ba ce, Yagana. Jiki magayi. Ranar da kika ji kanki ya yi nauyi, ki faɗa, ko da za a ce mace ce shi ya sa. In manya suka tambaye ki ko akwai matsala, ki gaishe su da ladabi, ki russuna in kina so, sannan ki lissafa musu ita tun daga tushe. Wanda ke zaune a ofis mai nisa ba ya ganin kujerar da ba kowa, sai abin da kika gaya masa. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A aikinmu yaron ne a kan rimin, in bai yi magana ba babban bai san komai ba.

Yanzu dai sun farka, sun ce za su ɗauki 'ya'yan yankin nan su horar, don wanda uwarsa ke Hausari ko Dusuman ba zai yi saurin haɗa jaka ba. Dabara ce mai kyau, ko da yake an makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina addu'ar kada su tsaya a ɗauka kawai. Su ba ku wurin kwana, su ba ku hutu, su riƙa mayar da ku makaranta, su daina cusa 'ya'yan abokai a gurbin waɗanda suka ci jarrabawa. Amma akwai abin da ke ba ni tsoro a cikin dabarar. Ɗan gari ma mutum ne. In aka ɗaure shi da kunyar iyayensa aka zaunar da shi inda zuciyarsa ba ta so, jikinsa ne kawai ke kan kujera. Na ga irinsu, idonsu a kan titin jirgi, hankalinsu a Abuja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ya dawo da ni kanki. Ban san wace “to” kika ba ni ba. Mamanki ta ce mini, “Malam, yarinyar nan tun ranar da bam ya tashi kusa da makarantarsu ba ta son jin an buga ƙofa da ƙarfi. Kai ba ka lura ba ne?” Ban lura ba. Ita so take ki tafi Kano ko Legas, inda za ta kwanta ba tare da ta ƙirga ƙarar da ta ji ba. Ta ce ta ba garin nan miji, ba za ta ƙara masa da 'ya ba. Gaskiya ta faɗa.

Ni kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ina so ki dawo. Ina so ƙwarai. Garin nan ya sha wuya, kuma jiragen da ke kai wa mutanen daji abinci suna bukatar muryar da ba za ta nemi taransifa ba. Na kuma daɗe ina wani mafarki, ni da ke a hasumiya ɗaya, ina zaune a gefenki ina jin kina ba jirgi hanya, ina gyara miki, kina harara ta a ɓoye.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mafarkin nan ba zai yiwu ba. A gwajin da ya wuce likita ya ce kunnena na hagu ya fara sanyi. Na tsallake da ƙyar, ya kuma gaya mini a fili cewa kada in sa rai da na gaba. Mamanki kaɗai ta sani, sai Modu, sai ke yanzu. Kafin ki gama karatu ki karɓi lasisinki, ni na sauko daga matakalar nan, ina zaure ina jin jirage na wucewa da kunne ɗaya. In kin zo, wani za ki tarar a kujerata. Don haka kada ki zaɓi Maiduguri don ni, ba za ki same ni a can ba.

Na janye maganar da na yi miki ranar nan. Ban ce ki dawo ba, ban ce kada ki dawo ba. Ki yi istihara, ki tambayi zuciyarki, ki ba masu tambaya amsar da za ki iya zama da ita shekara da shekaru. In kin ce Legas, wallahi albarkata na tare da ke, ba kuma za ki ga canji a fuskata ba, ko da zan shiga ɗaki in yi abin da tsofaffi ke yi in ba kowa. In kin ce Maiduguri, ya zama ke ce kika faɗa.

Kin yi fushi da na ce ba zan raka ki ba, ina da aiki. Na ga idonki. Ni na roƙi Modu ya bar mini kujerar safiyar tafiyarki. Lokacin da jirginku ya tsaya a bakin titi, kina ta leƙen taga kina neman inda za ki hango mamanki, ni ne a sama. Na duba gabas, na duba yamma, na tabbata ba komai a gabanku. Muryata ce ta ce wa matuƙinku hanya a buɗe take, ya tashi. Ban taɓa faɗar kalmomin nan da wuya irin ta ranar ba, amma na faɗe su sarai, kuma da zuciya ɗaya.

Allah ya buɗa miki ƙirji, ya ba ki kunne mai ji da harshe mai gaskiya. Allah ya sa kada rai ko ɗaya ya salwanta ta hannunki. Allah ya kawo wa garinmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya tsare ki a duk ƙasar da kika zaɓa. Ki riƙe salla. Ki kira mamanki, ba ta cin abinci sosai tun da aka fara haɗa miki kaya.

Wushe, sannu da ƙoƙari, uwata. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Bukar